Akwatin Ƙarfe a Gidan Matafiya

Kakanmu bai zo Njamena don ya zauna ba. Daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya, Makka za su. Guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, lokacin ana ce wa garin Fort-Lamy, sai ya ce bari ya yi ɗinkin hula na shekara guda ya tara abin hanya. Shekarar nan har yau ba ta cika ba. A nan ya haifi ubana da baffana da goggona, a nan aka binne shi, a nan aka haife ni, a wani gidan ƙasa a unguwar Kabalaye. Amma duk wanda ka tambaya a gidanmu zai ce maka a kan hanya muke, tsayawa kawai muka yi mu huta.

Kada a ɗauka maganar fatar baki ce. Doka biyu kakanmu ya bar mana. Ta farko, ba a zuba siminti a gidan, domin wanda ya zuba siminti ya nuna ya iso ke nan, ya warware niyyarsa. Ta biyu, ɗakin da ke jikin zaure na mahajjata ne masu wucewa a ƙafa. A share shi kullum, a shimfiɗa tabarma, a cika tulu, kada a ajiye ko tsintsiya a ciki. Rabon da in ga baƙo ya kwana a ɗakin nan tun ina yarinya ƙarama. Mutane sun koma jirgi. Amma duk safiya sai an zubar da ruwan jiya an cika sabo.

Baffa, wan mahaifina, shi ke riƙe da gidan da dokokinsa. Dogon tsoho ne mai tsabta da karatu, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai kuma taɓa sauya ra'ayi ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake ce mini. In ya ce "ke", to na taɓo shi.

Na dawo gidan a farkon shekarun casa'in, bayan rasuwar mijina. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakunan mazajensu, ni kuwa ban ga kaina zaune ina jiran wani ya aiko mini da sabulu ba. Na kama sayar da busassun kayan miya a kasuwar Dembé: kuɓewa, tumatir da aka yanka aka shanya, barkono, kuka, zoborodo. Da tire ɗaya na fara, ina auna wa mata da koro, kwanon awon da kowa ke amfani da shi a garin nan. Sana'ar ba ta da wani sirri. Ka saya da kaka, lokacin da kaya suka cika ƙauyuka har manomi na roƙonka ka ɗauka, ka riƙe, ka fitar da damina lokacin da tsoho ya ƙare a hannun mutane sabo kuma bai nuna ba. Riƙewar ita ce aikin. Kuma ba a riƙe buhu a ka.

Shekara ta farko ƙarƙashin gado ya ishe ni. Ta biyu na cika bayan ƙofa. Ta huɗu na fitar da gadon gaba ɗaya na jingine shi a bayan banɗaki, na tara buhuna har suka taɓa azara, na bar wa kaina wurin tabarma a tsakiya kamar kabari. Barkono ya zame wa gidan bala'i. Goggo, ƙanwar Baffa, wadda bango ɗaya ya raba ɗakina da nata, ta wuni tana atishawa tana tsine wa manoman barkono da iyayensu.

"Ke 'yar nan, in kashe ni kike son yi ki kawo wuƙa mana, ya fi sauri."

"Goggo, ai magani ne, yana buɗe ƙirji."

"Ya buɗe naki. Nawa a buɗe na zo da shi."

Atishawa mai sauƙi ce. Abin da ya dame ni bangon ƙasa. Ruwa biyu uku in sun sauka, bango ya sha ya ƙoshi, sai ya fara shayar da duk abin da ya jingina da shi. Ka ɗaga buhu ka ga bayansa ya yi fari da hunhuna, kuɓewa ta yi laushi ta manne. Daga ƙasa kuma gara na aikinta. Duk shekara sai na zubar da abin da ya kai in yi kuka, ban yi ba.

Sai na kama wuri a magazar wani Alhaji a Dembé, wato sito a bakin mutanen Najeriya. Babban ɗaki ne na bulo da kwano, 'yan kasuwa da yawa ke ajiya a ciki, ni kaɗai ce mace. Makulli na aljihunsa. In mai saye ya zo mini da safe, sai in aika a ce Alhaji ya tafi ɗaurin aure. In aika da rana, yana barci. Wurin da aka ba ni bakin ƙofa ne, inda feshin ruwa ke shigowa. A gefena kuma mai busasshen kifin tafki ya jibge nasa kayan. Zoborodona ya kwana wata biyu jikin kifi. Na sayar ban lura ba, domin hancina ya riga ya mutu da barkono. Kashegari wata mai sayar da zoɓon sha a bakin makaranta ta dawo da shi ta juye mini a tire a gaban jama'a, ta ce in ɗanɗana miyar kifin da na sa ta dafa da sukari.

Na je wurin Alhaji. Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Magaza ta jama'a ce."

Na ce, "To a matsar da kifin."

"Mai kifi ya riga ki zuwa."

"To a matsar da ni ciki."

"Ciki na manyan kaya ne."

Na ce masa ya riƙe cikinsa da manyan kayansa. Ranar na kira masu pus-pus, kurar da ake turawa da hannu, na kwashe komai nawa na mayar Kabalaye. Ba wurin sawa, amma na kwashe.

Shi ya sa na je wa Baffa. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya kamata, har na tambayi ƙafarsa mai ciwo.

"Baffa, aron ɗakin baƙi nake so. Daga farkon ruwa zuwa ƙarshensa kawai. Shi ne ɗakin da ya fi tudu a gidan nan."

"Da mai shi, Uwata."

"Wa?"

"Bai iso ba ne."

"Shekara nawa yana tahowa? Ko rarrafe yake yi ai ya ci a ce ya iso."

Ya ja carbinsa bai dube ni ba. "In ya iso ya tarar da barkono a shimfiɗarsa, me zan ce wa mahaifina?"

"In ya iso ni zan ba shi ɗakina da gadona, in kwana a tsakar gida."

"Gadon da ke bayan banɗaki?"

Na tashi. A wannan ya ci ni, na yarda.

Da damina ta wuce na sake komawa da wata shawarar. A kusurwar gidan ta gabas akwai filin da ubana ke ɗaure awakinsa, ba a raba gado ba amma kowa ya san nan rabonsa ne. Na ce zan tayar da ɗaki ɗaya a wurin, na bulo, a daɓe ƙasansa da siminti, da kuɗina, ba zan nemi ko tubali daga kowa ba.

"Ke."

Na san na taɓo shi. Ya ci gaba.

"Ki gina da ƙasa, ko bene kike so ki yi. Siminti kam sai bayan raina."

"Ƙasar ce ke cinye mini kaya, Baffa."

"To ki rage kayan. Mace ɗaya, ciki ɗaya, me za ki yi da wannan tari haka? Mu matafiya ne, kayanmu daidai abin da za mu iya ɗauka."

Na ce, "Baffa, kai da kake kan hanya tun haihuwarka, ina ka taɓa wucewa bayan Dembé?"

Goggo na tankaɗe a ƙofar ɗakinta, na ji rariyar ta tsaya. Maganar ta yi nauyi, na sani. Mutum ne da duk shekara yake cewa bana in Allah ya yarda, kuma da gaske yake faɗa, Allah bai ba shi iko ba ne. Ban ji daɗin faɗarta ba, ban kuma janye ta ba. Na ƙara da cewa ni ma Makka nake so kamar kowa a gidan nan, amma ba ƙafa ce za ta kai ni ba, kuɓewar nan ce, in an bar ta ta bushe. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Masu ba da shawara suka ce in nemi fili a bayan gari. In bar kayana inda idona ba ya gani, ko in bar gidan ubana in je in zauna ni kaɗai a daji saboda buhu. Ban ga dalilin ko ɗaya ba.

A tsakanin nan ne na shiga makarantar manya. Na wuce arba'in, ina zaune a bencin yara gwiwoyina na tokare tebur, ina koyon a da ba. Ban ji kunya ba, kuma da abin da na koya a bencin nan nake rubuta wannan. Hanyar makarantar ta bi ta bayan babbar kasuwa. Wata rana ruwa ya tare ni a can, na ruga na fake a shagon wani Bakano mai sayar da kayan gyaran mota. Sai da na yarfe mayafina na lura ba shago ba ne, kwantena ce, irin akwatin ƙarfen nan da ake zubo kaya a ciki daga ƙasashen waje. Ruwa na dukan ta kamar zai fasa kunne, amma ciki ko ɗigo. Ƙasanta katako ne, a bushe. Na ƙwanƙwasa bangon, na duba kusurwoyi, na sunkuya na leƙa ƙarƙashi.

Ya ce, "Hajiya, lafiya? Wani abu ya faɗi?"

Na ce, "Gara na shiga nan?"

"Ta ci ƙarfe?"

"Ɓera fa?"

"Sai in ya sayi makulli."

Yana da wata ƙarama a wani fili, ba komai a ciki, ƙofarta ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Muka yi ta ja har kaka. Na sayar da shanuna biyu da ke hannun makiyaya, na saye ta. Ban gaya wa kowa ba.

Kakar shekarar, farkon shekarun dubu biyu ke nan, na sayi kaya fiye da yadda na taɓa saya. Duk abin da na mallaka na zuba. Da gangan na yi, don na san halina, in na bar wa kaina hanyar komawa baya zan iya jin nauyin tsohon in koma. Ɗakina ya cika, sauran na jera a filin awakin na lulluɓe da tamfol. Rani ya yi ta tafiya. Bazara ta kama, iska ta juya, gajimare ya fara taruwa da yamma ta wajen Kamaru. Baffa in ya fito alwala sai ya dubi tarin, ya dubi sama, ya koma. Ni ma na sani, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya mayar da ni tire.

Da safe babbar mota ta kawo kwantenar. Lungunmu ba ya ɗaukar irin motar, saboda haka a bakinsa aka sauke ta. Na riga na tanadi 'yan dako daga Dembé da manyan bututun ƙarfe. Suka ɗora ta a kai suna mirginawa, a ciro na baya a mayar gaba, suna waƙa suna zagin juna, har suka kawo ta jikin katangarmu ta gabas. Direban ya ce ya jira ko za a buƙace shi. Na ce ya tafi. Na tsaya sai da na ga motar ta sha kwana.

Lungu ya toshe. Masu tura ruwa sun yi layi ta nan, mata masu zuwa kasuwa sun yi cirko-cirko ta can, wata tasi ta shigo ta rasa gaba ta rasa baya, direban ya ɗora hannu a kan oda ya manta da shi. Baffa ya fito da sandarsa.

"Mene ne wannan?"

"Akwatina ne, Baffa."

"Akwati."

"An ce kada in zuba siminti, ban zuba ba, ko cikin cokali. Ba tushe, ba gini. Wannan da kake gani ya fi mu tafiya mu duka, ta teku ya zo, ya hau mota ya ratso Kamaru. Ranar da ka ce a tashi, a ɗora shi a mota mu kama hanya, har tulun baƙi zai ɗauke mana."

Wani daga masu ruwa ya fashe da dariya, na harare shi ya haɗiye. Ba don a yi wa Baffa dariya na faɗa ba.

"Ta ina zai shiga? Ta zaure?"

"Ta katanga."

"Ba mai taɓa katangar nan."

"Ubana ya gina wannan ɓangaren, ni nake ɗebo masa ruwan kwaɓi. Ƙasa ce. Yau a rushe, jibi a tayar. Da siminti ce ai da ban isa ba."

Aka kira mai unguwa. Dattijo ne Balarabe, abokin hirar Baffa, ya zo yana gyara rawani. Ya zagaya kwantenar iya inda jiki ke wucewa, ya saurari Baffa, ya saurare ni, da Larabcin garin muka yi maganar. Ya ce shi ba ya shiga maganar gida, kuma bai san hukuncin akwati a littafi ba. Abin da ya sani hanya ta jama'a ce, kafin azahar a buɗe ta. Ko abin nan ya shiga ciki, ko ya koma inda ya fito.

Baffa ya ce, "Ya koma."

Na ce, "Motar ta tafi."

Shugaban 'yan dakon ya matso kusa da ni ya rage murya. "Hajiya, turawa aikinmu ne. Amma fasa katangar mutum yana tsaye yana cewa a'a, wannan ba mu."

Na ce ya ba ni diga. Ya ɗauka wasa nake. Na fizge ta daga hannun na bayansa, na tuɓe mayafi na ɗaure a ƙugu, na yi bismillah na kai wa katangar sara. Hannuna ya girgiza har kafaɗa, ɗan ɓawo kawai ya ɓalle. Na sake. Na sake. Lungun ya yi tsit, har mai tasi ya ɗaga hannu daga odarsa. Ban waiwayi Baffa ba, don na san in na ga fuskarsa digar za ta yi mini nauyi.

Sai na ji muryar Goggo ta cikin gida, daga bayan katangar.

"Wace sakarya ce ke sara daga ƙasa? So kike ta rufto miki? Daga sama ake farawa!"

Ta zagayo ta zaure tana dogara bango, ɗankwali a karkace. Ta dubi 'yan dakon.

"Ku kuma gandaƙai, kun harɗe hannu mace na yi muku aiki? Ni ma 'yar mai gidan ce, uba ɗaya ya haife mu da wannan dogon. Na ce a fasa. Shekara nawa ina shaƙar barkono? Yaya, kai ɗakinka na can nesa, hancinka lafiya lau. A fitar mini da shi daga jikin bangona in mutu da numfashina."

Baffa ya dube ta, ya daɗe. Sannan ya juya ya shiga zaure, bai ce a fasa ba, bai sake cewa a bari ba. 'Yan dako suka karɓi digar. Kafin azahar kwantena na cikin gida, zaune a kan tsofaffin ƙarafan ƙafar babbar mota da na sa aka jera mata don ta ɗaga daga ƙasa. Kwana biyu magini ya mayar da katangar da ƙasar da aka rushe. Muka kwashe komai muka zuba ciki, na rubuta wa kowane buhu abin da ke cikinsa da garin da na sayo shi, da hannuna. Na dawo da gadona ɗaki.

Daga nan na yi wautar da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. A saman bangon kwantenar, kusa da kusurwoyi, akwai wasu 'yan ramuka da aka yi mata tun daga inda aka ƙera ta. Ni kuwa 'yar gidan ƙasa ce. Tun tasowata, in damina ta gabato, aikinmu bin bango muna neman rami muna toshewa. Rami a wurinmu hanyar ruwa ce, ba shi da wani suna. Na kwaɓa laka, na hau turmi, na toshe su tas, na liƙe bakin ƙofar da ya lanƙwashe da tsumma. Na sa kwado na kulle, na ce ba mai buɗewa sai farashi ya tashi. Ban san ɗakin ƙasa da nake zagi numfashi yake yi ba, ƙarfe kuwa ba ya yi sai ta inda aka huda masa.

Rana ta bazara ta yi ta dukan ta. Wajen mako guda, ina wucewa na ji wani wari mai tsami-tsami. Na buɗe. Zafin da ya bugo ni sai da na ja da baya. Rufin daga ciki duk ya yi gumi, yana ɗiga a kan buhunan sama. Tumatir na sa a sama don ba shi da nauyi. Na zura hannu, ya yi baƙi ya dunƙule yana danƙo.

Baffa na zaune a kan buzunsa a inuwar zaure, yana hango ni. Rabon da ya yi mini magana tun ranar katanga.

"Uwata, akwatin naki zazzaɓi yake yi ne? Na ga yana zufa."

"Zai warke, Baffa."

"Ƙasa dai ba ta taɓa dafa miki tumatir ba."

"Ta ci wanda ya fi wannan. Ita ba ta bari a gani ne."

Ban tsaya baƙin ciki ba, ba lokacinsa. Na fitar da komai. Na ari tabarmi a maƙwabta, na kwance buhu bayan buhu na baje a rana. Tsakar gida ta koma ja da kore, har bakin ƙofar Baffa, sai da ya riƙa ɗage riga yana tsallake barkono in za shi masallaci. Ɗakin baƙi kaɗai ban kai ko ƙwaya ƙofarsa ba. Na kira mai walda ya yanka tagogi biyu a sama, suna kallon juna, ya sa musu raga da ɗan kwano mai kare feshi. Na hau turmi na ƙwaƙule lakar da na liƙa da hannuna. Na sa aka kafa itatuwa aka yi wa kwantenar rumfar zana a kai, da tazara, don rana ta daina taɓa ƙarfen. Kwana uku ina juya kaya da hannu ɗaya, idona na sama. Goggo ta zauna a kujera da sanda tana korar kaji, tana ba da rahoton gajimare kamar ita ke aiko shi.

Tumatir ya tafi, fiye da rabi. Na zuba wa masu awaki. Sauran kayan suka bushe ƙarau. Muna ɗaure buhun ƙarshe da yammacin rana ta uku iska ta taso, ta ɗauke tabarma biyu ta ƙetara da su gidan maƙwabta. Muka jefa buhun ciki na ja ƙofa.

Aka yi ruwa kamar da gayya. Ya tsaya, ya sake, ya tsaya, ya sake, har kwana uku. Lungunmu ya zama rafi, tsakar gida ruwa har idon sawu, yana wucewa ta ƙarƙashin kwantena yana fita ta magudana. Ban buɗe ba, don kada in shigar da laima da kaina. Na riƙa zagaya ta ina taɓa ƙarfen kamar mai jinya.

Rana ta huɗu gari ya washe. Na tattare zane na taka laka na je na buɗe. Na ɗaga kai, rufin a bushe. Na kwance buhun kuɓewa na can ƙasa, wanda in da a ɗakina ne shi ke fara mutuwa, na zura hannu har gwiwar hannu na ciro daga tsakiya. Na matsa, ta ce ƙaras. Na buɗe barkono, ja wur, na yi atishawa uku a jere, Goggo ta amsa daga ɗakinta da zagi.

Kafin in ɗora wa mai pus-pus kayan kasuwa, na ɗebi kuɓewar nan na daka, na kaɗa miya da daddawa da ɗan nama, na tuƙa tuwon dawa. Na zuba a kwanon Baffa na kai masa zaure da kaina, na durƙusa na ajiye.

"Daga cikin akwatin ce," na ce, don kada ya ci bai sani ba.

Na tashi na bar masa kwanon. Na tafi Dembé. Kasuwa duk laka, masu busasshen kaya rabinsu sun baje nasu suna tsince ruɓaɓɓe. Kafin la'asar na karkaɗe buhu biyu.

Da na dawo na tarar da kwanon a ƙofar ɗakina, an side shi tas. Na leƙa zaure na yi masa barka da yamma.

Ya ce, "Uwata, gishiri bai ji ba."

Na ce gobe zan ƙara.